Jinyar tiyatar gyaran ciki ga uwa mai allurar insulin: yadda na bi da tawa

Shekara 16 ke nan ina yi wa kaina allurar insulin. Ina ajin ƙarshe a jami'a aka ce mini ina da ciwon sukari nau'i na 1, wanda jiki ke daina samar da insulin gaba ɗaya. A cikin waɗannan shekaru na haifi yara uku, duk ta hanyar tiyata, biyu daga cikinsu sun zo da nauyin da ya haura kilo 4. Bayan Auta sai naman cikina ya rabu biyu ya ƙi komawa, yatsu huɗu suna shigewa tsakani, ga 'yar ƙaba a cibiya, ga fata ta zubo ta rufe tsohon ɗinki. Da bazara ƙarƙashin fatar nan ya yi ta gumi yana saɓulewa, kuma mai sukari ta san abin da ƙaramin miki yake iya zama. Bayana kullum cikin ciwo. Ba zan ɓoye miki ba, ina kuma son in sa riga ta zauna mini, in huta da amsa "Allah ya raba lafiya" alhali babu komai a cikin.

Na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa. Ya ce gyara abin da ya lalace yake cutar da mutum daban yake da canja halitta, ya kawo mini labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad da ya rasa hancinsa a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ke ma ki kai wa naki malamin halin da kike ciki. Abin da zan yi magana a kai shi ne jinyar, domin ita ce na rasa mai faɗa mini gaskiyarta kafin in shiga.

A Abuja aka yi mini aikin, a watan Nuwamba. An tsaga daga ƙugu zuwa ƙugu, aka ɗinke naman da ya rabu, aka gyara ƙabar, aka yanke fatar da ta yi yawa, aka fito da cibiya ta sabon wuri. Na yi mako uku a gidan Yayata kafin in dawo Kano.

Jinyar tun kafin wuƙa take farawa

Ranar farko da na je wajen likitan tiyata, bai ko duba cikin sosai ba sai da ya ga sakamakon HbA1c, gwajin da ke nuna yadda sukarinki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Nawa 8.9 ne. Ya ajiye takardar ya ce, "Hajiya, ki je ki dawo." Na ji haushi a ranar, yau kuwa addu'a nake yi masa. Galibin likitoci ba sa son yin aikin da ba na gaggawa ba sai lambar ta sauko ƙasa da 8, shi kuma 7.5 ya nema. Wata huɗu na yi ina fama kafin in kawo 7.2.

Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Ana ɗaga fatar ciki ne daga kan nama tun daga mara har kusa da ƙirji, ana yanke jijiyoyin jini da yawa da ke ciyar da ita, sai ta dogara da 'yan ƙananan da suka rage. Su kuwa ƙananan jijiyoyin nan su ne ciwon sukari yake fara lalatawa. Ga shi idan sukari ya yi sama, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta kasala suke yi, sabon nama kuma ba ya tofowa da sauri. Don haka duk likitan da ya ji kina allurar insulin ya ce "ba matsala, kawo kuɗi," bai nemi gwajin nan ba, bai nemi na ƙoda da na zuciya ba, ki ɗauki jakarki ki fita. Ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma fannin da ya ƙware ke nan. Ki tambaya ko akwai likitan sa barci na gaske, da ɗakin gwajin jini da ke aiki cikin dare.

Lokaci ma zaɓarsa ake yi. Sai da na yaye Auta da daɗewa, muka kuma yanke shawara da Abban yara cewa haihuwa ta isa haka, domin sabon ciki yana iya warware ɗinkin. Na kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, don ba na son gumi a ƙarƙashin bel, na kuma kauce wa gab da azumi. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa, akwai wadda ake dainawa mako huɗu kafin aiki saboda tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Idan ke mai nau'i na 2 ce kina haɗa insulin da ƙwayoyin ciwon sukari na Jardiance ko Forxiga, ana ajiye su aƙalla kwana 3 kafin tiyata. Jiƙe-jiƙe, ƙwayoyin tafarnuwa, garin citta da ake sha da yawa, asfirin, duk ki zazzage su a gaban likita ya gani da idonsa, don wasu suna sa zubar jini.

Abu mafi amfani da na riƙe zuwa asibiti takarda ce guda ɗaya. Likitar sukarina ta rubuta da hannunta, ta sa hannu da lambar wayarta: yawan allurar da zan yi daren jajibiri, abin da za a yi da safiyar aiki, da yunit nawa za a ƙara idan sukari ya kai kaza. Ina yin Lantus, insulin mai aiki dare da rana, yunit 20 da dare, ta rage zuwa 16 a daren jajibiri. NovoRapid kuwa ta abinci ce, babu ci babu ita, sai dai ta gyara idan ya hau. Ta kuma rubuta a sa ni farkon layi da sassafe don kada in wuni da yunwa. Waɗannan lambobina ne, ba naki ba. Mai yin Mixtard, wato gaurayen insulin, sau biyu a rana tsarinta daban ne gaba ɗaya, lallai likita ya rubuta mata nata.

Allurar da ba a bari

A daren farko bayan aiki, nas ɗin dare ta zo da misalin ƙarfe goma, na ce ta miƙo mini Lantus. Ta ce, "Ai Hajiya ba ki ci komai ba, a bar allurar sai da safe." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, tsoron faɗuwar sukari take yi. Bakina da nauyi saboda maganin barci, sai Yaya ta zaro takardar nan ta ce, "Sista, duba nan, in kuma da shakka ga lambar likitarta." Aka kira, aka yi mini.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran: mai nau'i na 1 ba ta barin allurar da ke aiki dare da rana, ko ba ta sa komai a bakinta ba. Hanta ba ta daina zuba sukari cikin jini, wahalar tiyata kuma tana sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara tura shi sama. Idan babu insulin jiki sai ya koma ƙona kitse, wannan yana haifar da gubar da ake kira kiton, jini ya yi tsami, cikin 'yan sa'o'i a shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Rage allurar ake yi bisa umarnin likita, ba a ɗauke ta. Kuma ki tabbatar mai jinyarki ta san wannan, domin a daren farko ba lallai ki iya kare kanki ba.

Da yammacin ranar aikin sukarina ya kai 260 ban ci ko ƙwayar shinkafa ba. Ashe an ba ni dexamethasone a ɗakin tiyata don hana amai, shi kuwa yana ɗaga sukari na kwana ɗaya zuwa biyu. Ki tambayi mai sa barci tun kafin aiki ko zai yi amfani da shi. Haka duk ledar ƙarin ruwa da aka rataya, ki sa a karanta miki abin da ke ciki, akwai mai sukari akwai mai gishiri.

Inda ake so lambar ta tsaya a kwanakin nan shi ne tsakanin 100 da 180. Idan mitarki irin mai ƙananan lambobi ce, 5.6 zuwa 10 ke nan, da 18 ake rabawa. Kada ki matsa sai kin ga 90 kamar yadda kika saba, faɗuwar sukari kina da sabon ɗinki ta fi hatsari. Kwana biyun farko duk bayan awa 2 nake gwadawa, har cikin dare, daga nan na koma bayan awa 4 da kuma kafin kowane ci. Gwangwani huɗu na takardun gwaji na saya, kowanne mai 50, kuma sun ƙare kafin wata. Ina da FreeStyle Libre, na'urar auna sukari da ake mannawa, a damtse, ta taimaka ƙwarai, sai dai idan kin danne ta kina barci tana iya nuna faɗuwar ƙarya, kuma bitamin C mai yawa, irin wanda ake son ba masu miki, yana iya sa ta nuna sama da gaskiya. Duk lambar da ta ba ki mamaki, soki yatsa ki tabbatar.

Na ajiye littafi a gefen gado. Lokaci, lamba, abin da na ci, yunit nawa na yi, ruwan da ya fito daga robobin da ke tsotse ruwan mikin. Wannan littafin ne ya ceci ɗinkina daga baya, zan zo kan labarin.

A makon farko buƙatata ta insulin ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda ta sauko ba sallama. A daren kwana na 9 na farka jiƙe da gumi, hannu yana rawa, mita ta nuna 54. Jiki ya fara hucewa daga wahalar aiki, ni kuma ina kan ƙarin allurar makon farko. Daga kwana na 5 ki riƙa tura wa likitar sukarinki lambobinki kullum ta WhatsApp, domin a rage a kan kari. Ki sani kuma magungunan kashe zafi masu sa maye suna dushe alamun faɗuwa, tramadol ma da kansa yana iya saukar da sukari, ciprofloxacin kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana iya kai shi sama ko ƙasa. Su diclofenac da ibuprofen, idan ƙodarki ta fara taɓuwa, sai da izinin likita.

Da zarar ya gaza 70, ki sha abin da ya kai giram 15 na sukari: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba na ainihi. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki maimaita, in ya hau ki bi shi da ɗan abinci. Ki ajiye waɗannan inda hannunki zai kai kina kwance, don ba za ki iya zabura zuwa kicin ba. Ki gaya wa 'yan gida a fili, idan kin suma ba a ɗura miki komai a baki, a kwantar da ke ta gefe a nufi asibiti a yi miki ƙarin ruwan sukari ta jijiya.

Ina za a soka allurar?

Shekara da shekaru a ciki nake yi, yanzu cikin ya zama haramiyata. Ya kumbura, ya mutu da ji, jini ba ya gudana a cikinsa yadda ya saba, insulin ba zai shiga yadda ake tsammani ba, ga haɗarin shigar da ƙwayar cuta kusa da ɗinki. Na koma gefen cinya da bayan damtse, Lantus kuma Yaya take yi mini a saman mazaunai. A cinya maganin ya fi jinkirin shiga, don haka na riƙa yin ta abinci minti 15 zuwa 20 kafin ci. Idan kin yi allurar gyara kin ga bai sauko ba, ki yi haƙuri ki ba ta awa 3 zuwa 4, kada ki ɗora wata a kai, duka za su taru su same ki lokaci guda. Wani abu kuma, idan tsohon wurin allurarki ya yi ƙulalai, sabon wuri mai lafiya ya fi shi jan magani, wato yunit ɗin da kika saba zai iya yi miki yawa. An rubuta mini Clexane, allurar hana daskarewar jini, ita ma a cinya, sai na ware mata hagu na bar wa insulin dama. Sai bayan wata uku likita ya yarda in koma ciki, nesa da tabon da kamar faɗin yatsu uku.

Jikin kansa abin da yake buƙata ba shi da yawa, amma kowanne dole ne. Za ki yi tafiya a sunkuye kamar mai ruku'u na mako ɗaya zuwa biyu, kada ki yi gaggawar miƙewa. Kwanciya a kishingiɗe, matasai uku a baya, biyu a ƙarƙashin gwiwa. Idan za ki tashi ki mirgina gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu. Tari ko atishawa, ki danna matashi a ciki. Duk bayan awa 2 da rana ki taka, ko daga ɗaki zuwa falo ne, domin a cikin ayyukan gyaran jiki wannan yana cikin waɗanda suka fi kawo gudan jini a ƙafa. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Robobi biyu aka bar mini masu tsotse ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fata. Safe da yamma ake juye su a auna a rubuta, da hannu wankakke. Ana cirewa idan abin da ke fita ya gaza mililita 30 a kwana guda, tawa ɗaya ta fita a kwana na 8, ɗayar a na 11. Bel ɗin ɗaure ciki mako 6 na yi da shi. Ki sa shimi ta auduga a ƙarƙashinsa, ki kwance sau biyu a rana wani ya duba miki fatar da fitila, domin zai iya naɗewa ya ci fata ba ki ji ba. Yayin nan a duba miki dugadugai da tsakanin yatsun ƙafa, kwanciya mai tsawo tana ɓata su.

Ruwan zafi da kayan dubiya

Hajiyarmu ta zo daga Kano a kwana na 6. Ta dube ni a sunkuye ta ce, "'Yar nan, wannan ciki gashi yake so. A ɗora ruwa in gasa miki kamar na jego, jinin ya narke." Ita ce ta yi mini wankan jego sau uku, hannunta na sani, ƙauna ce tsantsa. Na ce, "Hajiya, taɓa nan ki gani." Na sa ta mintsini fatar ƙasan cibiya, ban ji komai ba. Na ce mata idan ruwan ya ƙona ni haka zan yi shiru har fata ta saɓule, ƙunar mai sukari kuma a kan fatar da jini bai gama komawa ba, sai dai Allah ya kiyaye. Ta yi jim, ta ce, "To Allah ya sawwaƙe," ta koma yi mini tausar ƙafa da man zaitun, kuma na ji daɗinta. Babu gashi, babu tawul mai zafi, babu robar ruwan zafi, har tsawon watanni. Ruwan wanka ki gwada shi da gwiwar hannu. Zuma, man kaɗanya, man habbatus sauda, kada ko ɗaya ya hau ɗinkin da bai rufe ba.

'Yan dubiya kuwa, Allah ya saka musu da alheri, kowa da katan ɗin Maltina ko Lucozade, da fulas ɗin kunu, da fura. Ki karɓa ki yi godiya ki miƙa wa yaran gida, ki ware kwalba biyu kawai don ranar faɗuwa. Abin da miki yake so shi ne abinci mai gina jiki a kowane ci. Ƙwai biyu da safe, farfesun kaza ko na kifi, alale, awara, kindirmo marar sukari, wake da ganye. Tuwo ina ci, na alkama ko acca, amma malmala ƙarama mai girma ɗaya kullum, don lissafin allura ya daidaita. A kwanakin farko da cin abinci ba tabbas, likitata ta ce in fara ci in ga abin da ya shiga sannan in yi allurar nan take, don kada in yi ta cikakken faranti in kasa cin rabi. Magungunan zafi suna ɗaure ciki, yunƙuri kuma a kan ɗinkin nama azaba ne, don haka miyar kuɓewa, zogale, ɗan yankan gwanda da ruwa mai yawa tun ranar farko, ki kuma nemi a rubuta miki mai tausasa bayan gida.

Salla a kan kujera na yi ta kusan wata guda, ina nuni da kai a ruku'u da sujada. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da wannan sauƙi: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefe. Alwala ba ta taɓa ciki, sai dai ki zauna a zuba miki ruwa, kada ki sunkuya kan buta. Inda wanka ya wajaba kafin likita ya yarda ruwa ya taɓa wurin, taimama na yi.

Yaran

Nan ne ya fi mini ciwo, fiye da ɗinkin. Auta tana da shekara 3, kilo 14, ni kuma an hana ni ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako 6. Babu ɗauka, babu goyo. Mako ukun Abuja ƙanwata ce ta tare a gidana. Ranar da na dawo, Auta ta sheƙo da gudu za ta faɗa jikina, Abbanta ya cafe ta a iska. Ta yi kuka, ni ma na yi. Da na sani da tun kafin tafiya na fara saba mata. Ki fara wata guda kafin aiki: ki daina ɗaukarta, ki koya mata hawa kujera ta zauna gefenki, ki ce mata "cikin Umma yana ciwo, nan ake kama Umma," ki nuna mata hannu. Kullum ki ajiye matashi a kan ciki idan suna kusa. Na ware mata lokacin da zan yi mata tatsuniya tana jingine da kafaɗata, a hankali ta haƙura.

Babbar, mai shekara 11, na koya mata karanta mita, ta san ƙasa da 70 a kawo sukari a kira Abba. Ban ɗora mata fiye da haka ba, yarinya ce. Alluran da aka yi amfani da su a cikin gora mai murfi, magunguna a saman kabad, musamman tramadol. Shara, wanki, jan ruwa, sauke tukunya, tuƙin tuwo, tuƙa mota zuwa makaranta, ki raba su ga mutane da sunayensu tun kafin ki tafi, kada ki bar shi a "za a yi." Abban yara shi ya ɗauki ƙararrawar ƙarfe uku na dare, ya tashe ni in gwada. Sha'anin aure ma sai likita ya ba da izini, ku yi wannan magana tun da wuri.

Yanzu labarin littafin. A kwana na 16 na lura tun jiya lambobina ba sa sauka ƙasa da 220, abinci bai canja ba, allura ba ta canja ba. Na fara zargin insulin, na buɗe sabo daga firji, shiru. Babu zazzaɓi, babu zafi. Na ce wa Yaya ta haska ɗinkin da kyau. A tsakiyarsa, daidai saman mara, inda fata ta fi ja kuma jini ya fi ƙaranci, wuri kamar faɗin farce ya yi ja ya ɗan buɗe yana tsatsar ruwa. A ranar muka koma asibiti. Aka ɗebi ruwan don gwaji, aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka shiga wanke shi kullum. Mako biyar ya ɗauka kafin ya rufe. Likita ya ce da na ƙara kwana uku da wata maganar ake yi. A jikin mai irin ciwonmu sukari ne yake fara kawo rahoto, tun kafin zazzaɓi, wani lokaci ma zazzaɓin ba ya zuwa. Ya hau ba dalili ya wuni a sama, ki duba ɗinki, ki kira likita.

Sauran abubuwan da ke mayar da mutum asibiti a take: zafin jiki ya kai 38, ja yana yaɗuwa, mugunya ko wari, fata ko cibiya ta yi baƙi, gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko ki ji ruwa yana kaɗawa a ƙarƙashin fata. Ki sayi takardun gwajin kiton na fitsari tun kafin aiki. Sukari ya haura 250, ko kina amai, ki gwada. Idan ya nuna matsakaici ko mai yawa, ko aman ya hana ruwa zama, ki tafi, kada ki ce bari ki ga safiya.

Insulin ɗin kansa yana son kulawa. Wanda ba a buɗe ba a firji, tsakanin digiri 2 da 8, ba a wajen ƙanƙara ba, don wanda ya daskare ya lalace. Wanda ake amfani da shi yana yin mako 4 idan zafi bai wuce digiri 30 ba. Idan an ɗauke wuta ya daɗe, ina sa shi cikin roba mai murfi in ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ranar dawowa Kano a jakar hannuna ya zauna, ba a but ba, muka tsaya a Kaduna da Zariya da wasu wurare biyu ina fitowa in taka.

Akwai kwanakin da zuciya take karyewa, nawa na 4 da na 5 ne. Ciki ya kumbura ya fi na da, ga robobi, ga kewar yara, na yi ta kuka ina cewa me ya kai ni. Yaya ba ta ce komai ba, ta tsefe mini kai ta yi mini kalaba. Ya wuce. Idan naki ya haura mako biyu bai wuce ba, ki faɗa wa likita. Kumburin wata uku zuwa shida yake ɗauka kafin ya sauka, da yamma ya fi tashi. Tabon sai ya shekara yake lafawa, kuma fatarmu tana da saurin yin tabo mai tudu, don haka da ya rufe sarai aka sa ni manna masa ledar silikon.

Saboda wurin nan da ya buɗe, sai a mako na 9 aka sake ni in ɗauki Auta. Na ɗauko zani na durƙusa, ta haye, na ɗaure a sama da ƙirji nesa da tabon, muka zaga tsakar gida sau uku tana waƙa a kunnena. Da na sauke ta na gwada, 78. Jiki ya koma aiki, buƙatar allura ta sake sauka. A daren na tura wa likitata lambar, ta ce in mayar da Lantus 18.